Zauren Masu Karatu: Gidan Bayi Na Cape Coast, Tarihin Wa Ne?

Wasiƙu uku ne suka taru a wannan fitowa a kan batu guda, wato ziyarar wuraren da aka keɓe don tunawa da bayin da aka kwasa daga Afirka da zuriyarsu. Ta farko ce ta fi ɗaukar wuri, domin amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da leshi. 'Yata tana aure a Kumasi, a unguwar Aboabo, kuma bayan Sallah in Allah Ya yarda zan je in duba ta da jikokina. Surukina ya ce idan na zo zai kai mu Cape Coast mu ga gidan da Turawa ke tara bayi kafin a zuba su a jirgin ruwa. Da na gaya wa yayana sai ya ce ɓata lokaci ne, wai wuri ne na tsafi da zuba giya, kuma tarihin mutanen bakin teku ne da baƙaƙen fatar Amurka, mu Hausawa babu abin da ya haɗa mu da shi. Raina yana son zuwa, amma ba na son in taka abin da addini ya hana. Sannan jikokina, babbar shekararta 14, ƙaramin 8. Ya dace a shiga da su?

Hajiya, daga Fagge, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya kai ki lafiya, Ya raya jikoki. Ki je. Ki kuma gaishe mini da Alhaji yayanki, ki ce masa a maganarsa guda biyu ɗaya tana da tushe, ɗayar kuwa ba zan bi shi a kanta ba. Bari in fara da abin da za ki tarar.

Daga Kumasi za ku miƙe kudu. Saura kamar kilomita 40 ku isa teku, akwai wani gari a bakin hanya mai suna Assin Manso. Ki ce wa surukinki ya tsaya. A bayan garin akwai rafi da ake kira Donkor Nsuo, ana gangarawa gare shi ta wata siririyar hanya a ƙarƙashin inuwar gora. A nan ake tsayar da ayarin bayin da aka koro daga arewa bayan tafiyar makonni a ƙasa. A yi musu wanka, a aske su, a shafe su da mai don fata ta yi sheƙi, mai saye ya ɗauka lafiyayyu ne. Duk wanda ya taɓa kai rago kasuwa gab da layya ya san wannan dabara, sai dai a nan ɗan Adam ake yi wa. A harabar wurin akwai kaburbura, ciki har da na Samuel Carson daga Amurka da na wata mata mai suna Crystal daga Jamaika. A 1998 aka kawo ƙasusuwansu Gana, aka shigo da su ta ƙofar da ake fitar da bayi a Cape Coast, sannan aka binne su a nan. Akwai kuma bango da jikokin bayi ke rubuta sunayensu idan sun zo.

Shi gidan na Cape Coast farin gini ne tafkeke a kan duwatsun bakin teku, da igwa a jere suna fuskantar ruwa. Mutanen Suwidin ne suka fara kafa shi a 1653, Ingilishi suka ƙwace shi bayan shekara goma da 'yan kai, ya zama hedkwatarsu a wannan gaɓa har aka mayar da babban birni Akra a 1877. Mai jagora zai tara ku rukuni guda ya sauka da ku kurkukun maza ta wata gangara. Da ƙafarki ta bar hasken tsakar gida za ki ji iskar ta canza. Ɗakuna ne na dutse masu rufin baka, hasken da ke shiga daga 'yan ƙananan tagogi ne can sama, kusa da rufi. Ana ƙiyasta cewa akan cusa maza har 1,000 a ciki lokaci guda, su yi makonni, wani zubin wata uku, suna jiran jirgi. A tsakiyar daɓen akwai wata 'yar magudana, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ita ce duk makewayin da aka tanadar musu. Ki dubi ƙasan da kyau. Za ki ga wani wuri an kankare, bulo ya fito, sauran wurin kuwa baƙi ne sumul. Wannan baƙin ba siminti ba ne. Bayan gida ne da jini da amai da suka taru shekara da shekaru, ƙafafu suka tattake su har suka daskare. A kansa za ki tsaya. Ni da mai jagora ya faɗi haka, sai na ga mutumin da ke kusa da ni ya ɗaga ƙafarsa guda yana neman inda zai ajiye ta, babu.

Idan kuka fito za a nuna muku cewa a daidai saman kurkukun nan cocin Turawan yake. Suna ibada a sama, mutane na mutuwa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Za a kuma kai ku ɗakin da ake jefa waɗanda suka yi tawaye, ba taga, ba ruwa, ba abinci, sai an tabbatar sun mutu a buɗe. Daga nan sai kurkukun mata, sai ƙofar fita zuwa teku, wadda aka rubuta wa suna Ƙofar Da Ba A Dawowa. Idan aka buɗe ta, masunta za ki gani da kwale-kwalensu masu fenti suna gyaran koma, yara na guje-guje. Ki juya ki dubi ƙofar daga waje, an rubuta mata wani sunan, Ƙofar Dawowa, tun lokacin da aka shigo da ƙasusuwan nan biyu.

Idan da lokaci, Elmina, inda wani gidan bayin yake, kilomita 12 ce kawai zuwa yamma. Ta fi tsufa, domin mutanen Fotugal ne suka gina ta a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, ta miƙa wa Ingila a 1872. Abin da zai tsaya miki a rai a can tsakar gidan mata ce. Barandar gwamna tana kallonta daga sama. A fito da mata a jera, ya nuna wadda yake so, a wanke ta a hau da ita ta wani tsani na katako zuwa ɗakinsa. Ke uwa ce kuma kaka, ba sai na ƙara komai ba.

To, maganar tsafi. Gaskiya ne, a ɗaki na ƙarshe na kurkukun maza a Cape Coast, daidai bakin ramin da ake bi da maza zuwa teku wanda yanzu aka toshe, akwai wurin bautar gargajiya na Nana Tabir, abin bautar mutanen garin tun kafin zuwan Turawa. Za ki iya tarar da mai kula da shi a zaune, da kwalabe, yana zuba abin sha a ƙasa. A jikin bango kuma akwai furanni da baƙi ke ajiyewa. Babu mai tilasta miki ki sa hannu a ciki, babu mai cewa ki durƙusa ko ki ba da kuɗi. Ki ja gefe ki tsaya, kada ki yi tsaki ko ki yamutsa fuska, ki wuce idan an wuce. Haka Musulmin Gana suke yi, kuma suna zuwa da yawa, har da ɗaliban makarantun Islamiyya. Alƙur'ani ya umarce mu a wurare da dama da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Kuma a hadisin da Bukhari ya ruwaito, Allah Ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya sayar da ɗa, wato mutum mai 'yanci, ya ci kuɗinsa. Idan kina son ki ga abin da wannan hadisi yake nufi da idonki, wurin ke nan. A cikin waɗanda suka kwana a kan wannan daɓe akwai Musulmi, ki yi musu addu'a a zuciyarki. Sauran kuma Allah Ya san su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba Ya barin haƙƙin wanda aka zalunta.

Yanzu ga inda na saɓa da Alhaji. Ya ce ba tarihinmu ba ne. Ina ma a ce haka ne.

Mutanen da aka wanke a rafin Assin Manso daga ina aka koro su? Da yawansu daga arewa. A ƙarni na 18 daular Ashanti ta rinjayi Gwanja da Dagwamba, ta ɗora musu haraji, kuma cikin harajin har da mutane. Su kuma sai su kai hari ga maƙwabtansu marasa ƙarfi su kamo. Wasu a riƙe su a Kumasi, wasu a gangara da su teku a karɓo bindiga da albarushi da tufafi. Gwanjar nan kuwa ita ce dai wadda kakanninmu fatake suke zuwa da jakuna neman goro. Babbar kasuwarta Salaga. Fatake su taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da baƙin yadi da kayan fata da dabbobi, su komo da goro. A cikin hajar da ake kaiwa akwai bayi, kuma a kan bayi ake ɗora wani kayan. Harshen ciniki a kasuwar Hausa ne, masu masauki da dillalai da yawansu Hausawa ne. Wanda ya je Salaga yau za a nuna masa filin kasuwar bayi, da rijiyoyin da ake shayar da su a yi musu wanka kafin a fito da su, da sarƙoƙi da mari da aka adana. Ni dattijon da ya zagaya da ni da Hausa ya yi mini bayani, Hausa tsantsa, ya ɗaga wani mari na ƙafa ya ce in riƙe in ji nauyinsa. Zoben ƙarami ne, ƙafar babban mutum ba za ta shiga ba.

A yi adalci ga tarihi: lokacin da Salaga ta fi cika, wato ƙarni na 19, Ingila ta riga ta haramta fataucin bayi ta teku tun 1807, don haka akasarin waɗanda aka sayar a lokacin ba su ƙetare ruwa ba. Sun ƙare a gonaki da dazuzzukan goro da gidajen masu hali a nan cikin Afirka. Haka ma mutanen da mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu suka kwasa daga ƙasar Gurunsi a shekarun 1880 zuwa 1890. Kabarin Babatu yana Yendi, kuma har yau akwai garuruwa irin su Gwollu da ke da ragowar ganuwar da suka gina don tsoron mahara. Wannan bai rage mana nauyi ba. Ya nuna cewa bayan Bature ya rufe tasa ƙofar, tamu ta daɗe a buɗe. Salaga ba ta durƙushe ba sai bayan da Ingila ta ci Ashanti a 1874, yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa ta, mazaunanta suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran zangunan Gana. Ba mamaki dangin surukinki daga cikin wannan watsuwa suka fito.

Wannan fuska ɗaya ce. Ɗaya fuskar, mu ma an sayar da mu. Tun wajen 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya yi fatawa yana lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba. Ba a yin irin wannan fatawa sai don ana aikata abin. Bayan jihadin 1804, yaƙe-yaƙe sun zubo da fursunoni masu yawa, aka yi ta gangarawa da Hausawa ta ƙasar Nufe da ta Yarabawa zuwa Ikko (Legas) da Badagiri da Porto-Novo da Wida, akasarinsu zuwa Bahia a Barazil. Ba su kwanta ba. Hausawa ne suka ƙulla yunƙurin tawaye na 1807 a Salvador, babban birnin Bahia, su ne kuma a gaba a na 1809 da na 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan birnin da fararen riguna. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu masu ayoyin Alƙur'ani, rubutun allo irin namu, kuma wasu suna nan ajiye a gidan adana takardu na Bahia. Bayan wannan tawaye an koro wasu zuwa Afirka, wasu kuma suka dawo da kansu. Zuriyar waɗanda suka sauka Akra su ne ake kira Tabom, gidansu na farko yana nan a unguwar Jamestown.

Akwai mutum guda da nake so ki riƙe sunansa ki gaya wa jikokinki, Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Zugu, wato Djougou ta Jamhuriyar Benin a yau, zango ne a kan hanyar fataken goro. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An kama shi, aka fitar da shi ta wajen Wida a kusan 1845, ya yi bauta a Barazil, ya tsere daga jirgin ubangidansa a New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a 1854. Yana cikin 'yan ƙalilan da suka sami damar ba da labari. Masana sun ƙiyasta mutum miliyan 12.5 aka ɗora a jiragen ruwa cikin ƙarni uku da rabi, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai. Sama da miliyan ɗaya daga gaɓar Gana ta yau suka tashi.

Dalilin da ya sa na matsa ki je, Hajiya, shi ne mu a ƙasar Hausa ba mu da irin wannan wuri, alhali muna da abin tunawa. An sayar da mutane a kasuwar Kurmi. An yi rinji da gandu. Kalmomin cucanawa da murgu da sa-ɗaka ba daga sama suka faɗo ba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na 19 bayin da ke cikin daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi. Dokar Turawa ta 1901 'ya'yan da aka haifa daga wannan shekara ta 'yanta, ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. A Nijar sai 2003 aka yi dokar da ta mayar da ita laifi mai hukunci, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12. Ke ma kin sani, har gobe idan aka zo neman aure akwai gidan da za a koma ɗaki a yi raɗa a ce “a bincika asali”, kuma kowa ya san abin da ake nufi. Wanda ya tsaya a kan daɓen Cape Coast, ina fata bakinsa zai yi nauyi kafin ya sake yi wa wani gorin bauta. Mutanen Gana, da sarakunansu, sun manna allo a bangon gidan suna addu'ar waɗanda suka mutu su huta, waɗanda suka dawo su sami tushensu, suna kuma alkawarin ba za a bari a sake ba. Ban ga abin da zai hana Kano ta kafa irin wannan allo a Kurmi ba.

Batun yara. Babbar ki shiga da ita ko'ina, kuma ki tsaya kusa da ita a ɓangaren mata, domin za ta yi tambayoyin da ke ya kamata ki amsa, ba mai jagora ba. Ƙaramin ku fara kai shi ɗakin kayan tarihi da ke sama, inda akwai sarƙoƙi da zanen yadda ake jera mutane a cikin jirgi, ku ga yadda ya ɗauka. Idan ya sake, ya sauka tare da ku riƙe da hannun ubansa. Amma ɗakin masu tawaye, inda masu jagora kan tura ƙofa su kashe fitila na ɗan lokaci don a ji yadda yake, kada a shigar da shi. Ke ma idan kina da hawan jini ko asma ki tsaya a bakin ƙofa.

Ku je da safe kafin rana ta take. Ki sa takalmi mara tsini, ki riƙe ruwa. Ana biyan kuɗin shiga, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, don haka ki tafi da takardar shaidarki. A bakin ƙofa samari za su tambayi sunanki, kafin ki fito sun rubuta shi a kan ƙwaryar kodi suna neman abin hasafi. Idan ba ki so, ki yi murmushi ki wuce, kada ki faɗi sunan. Sallar azahar ba za ta gagare ku ba, akwai zango da masallatai a garin wajen kasuwar Kotokuraba.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Gana. Mun je gidan bayi da abokaina, muna ɗaukar hoto muna raha, sai wata dattijuwa baƙar fatar Amurka ta daka mana tsawa, tana kuka, ta ce kakanninmu ne suka sayar da nata. Na ji haushi ƙwarai, don ni ban sayar da kowa ba. Me ya kamata in ce mata?

Ɗalibi, ɗan asalin Sakkwato

AMSA

Ɗana, abin da ya kamata ka ce shi ne “ki yi haƙuri, Mama”, ka mayar da wayar aljihu. Ba don kai ka sayar da kowa ba, sai don kun yi dariya a wurin da ita take ɗauka maƙabartar iyayenta. Ka yi tunanin halin da take ciki. Kai idan aka tambaye ka, za ka ce ni ɗan wane ne jikan wane, daga unguwa kaza. Ita sunan da take amsawa na wanda ya mallaki kakanta ne. Ba ta san garinsu ba, ba ta san harshensu ba. Ta yi tanadin kuɗi, ta ƙetaro teku, iyakar inda sawun danginta ya tsaya mata shi ne wannan ɗaki mai duhu. Tun da Gana ta ayyana 2019 a matsayin Shekarar Dawowa, irinta suke ta zuwa, wasu da fararen kaya, wasu ba takalmi. Da yawansu sun girma a ƙasar da aka ci gaba da wulaƙanta su shekara ɗari bayan an ce an 'yanta su.

Maganar da ta faɗa kuma akwai gaskiya a cikinta, kamar yadda ka gani a amsar Hajiya. Kada ka tsaya musu. Idan hankali ya kwanta kuma ta ba ka fuska, kana iya gaya mata cewa daga ƙasarku ma an kwashi mutane, cewa gida ɗaya kan iya haɗa jikan wanda ya sayar da jikan wanda aka sayar, kuma cewa jirage da inshora da gonakin rake da suka haɗiye miliyoyin nan na Turawa ne. Amma wannan hira ce ta waje, a inuwa, ba ta cikin kurkuku ba. Ɗaukar hoto ba laifi ba ne a inda aka yarda. Ka dai kiyaye fuskar mai kuka, ba a ɗaukarta sai da izini. Ka koma kai kaɗai wata rana, ba tare da ayarin abokai ba, ka bi mai jagora daga farko har ƙarshe.

TAMBAYA

Malam, ni direban babbar mota ne, ina bin hanyar Legas zuwa Kwatano. Kullum ina wuce Badagiri ina ganin alamar wurin tarihin bayi. Akwai abin gani, ko sai na je Gana?

Direba, ɗan Funtuwa

AMSA

Akwai, Malam direba, kuma ga Bahaushe wannan gaɓar ta fi Cape Coast kusa da labarinsa, tunda ta nan aka fi fitar da mutanenmu. A bakin ruwan Badagiri ka nemi gidan Seriki Williams Abass. Shi kansa an taɓa bautar da shi, ya dawo ya shiga cinikin, ya riƙe sarautar shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Za a nuna maka 'yan ƙananan ɗakunan da ake kulle mutane a ciki. Kusa da nan akwai ɗakin kayan tarihi na gidan Mobee, inda za a ɗora maka sarƙar wuya ka ji nauyinta. Idan ka ƙetara iyaka ka wuce Kwatano kaɗan, a Wida akwai hanya mai tsawon kusan kilomita 4 daga dandalin Chacha zuwa bakin teku, inda aka gina babbar ƙofar tunawa a 1995.

A Badagiri kada ka tsaya a gari kawai. Ka hau kwale-kwale ka ƙetara zuwa tsibirin Gberefu, ka taka hanyar rairayin da aka bi da su har teku. A kan hanyar akwai rijiyar da mutanen garin ke cewa ana tilasta wa bayi su sha don su manta gida. Tafiyar ƙafa ce mai ɗan nisa kuma babu inuwa sosai, don haka ka samu ranar da ba ka da lodi, ka fita da sassafe, ka yi ciniki da mai kwale-kwale zuwa da dawowa tun kafin ka shiga, kuma ka ce ya ba ka rigar ruwa.